Gafara Dai, Za a Wanke Taga

Madarumfa, watan Nuwamba

Yaya Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki da baƙunta, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Ni lafiya lau nake, sai ɗan mura da na yi, shi ma ya wuce. Gwaggo Ɗelu tana gaishe ka. Ƙafar nan tata ce har yanzu, in ta daɗe a zaune sai an kama ta take tashi.

Ka yi haƙuri da yadda na yi maka a waya ran Juma'a. Ba fushi nake ba. Wayar ta mijin Gwaggo ce, kuma in ka kira sai ya buɗe murya ya ajiye ta a tsakar gida, kowa ya kewaye, har yaran maƙwabta. In aka matso mini da ita, duk abin da na tanada sai ya gudu, in ce lafiya lau, in ce to, in koma gefe. Shi ya sa na ga gara in riƙa rubuto maka. Sule direba, mai jan babbar mota daga Maradi zuwa Yamai, ƙanen maƙwabciyarmu ne. Ya ce in na ba yayarsa takarda zai riƙe maka ita a tasha.

Lakwal muna nan muna yi. Ka san bana ne ajin ƙarshe na kwaleji, jarrabawar BEPC na jiranmu da damina. Farida, wadda muke zama benci ɗaya tun shigarmu, an mayar da babanta aiki garin Ɗan Issa, sun tashi. Ba a sa kowa a wurinta ba, jakata nake ajiyewa. In an tashi nakan biyo ta bakin tafki don hanyar ta fi tsawo. Ruwa ya fara ja da baya, masu lambu na bin sa da shukar tumatir da albasa.

Yaya, wane irin aiki ne kake yi? Gwaggo tana faɗa wa mutane kana wanke benaye. Wata mata ta ce ta gani a talabijin, da igiya ake rataye mutum daga sama. Tun ranar, in na tuna sai abinci ya fita raina.

Sai magana ɗaya. Na ji uwar Isma'ila, wanda kuke ɗaki ɗaya, tana cewa zai tafi Jado haƙar zinariya. Can Baba ya tafi, ka kuma san rabonmu da jin muryarsa. Inna ta rasu tana jiran kiransa. Kai kaɗai ka rage mini. Don Allah kada ka bi Isma'ila.

Ƙanwarka,
Mardiyya


Yamai, watan Disamba

Malama Mardiyya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta ta a tsaye cikin tasha. Lafiyata lau. Ki gaida Gwaggo, ki ce ta rage zaman turmi. Ashe bakin nan naki da ba ya buɗuwa a waya, a takarda ya fi na ƴar talla.

Ki ci abincinki, babu igiya. Ƙafata ba ta barin ƙasa. Sanda ce doguwa anka ba mu, ta fi gorar kaɗo mangwaro nesa, ga ta ba nauyi, ana zuge ta kamar eriyar rediyo. A kanta akwai buroshi, a cikinta siririn tiyo mai kai ruwa sama. Ruwan na pampo ne, amma sai an tace shi cikin wata na'ura a motarmu har ba sauran gishiri ko kanwa a ciki. Shef ɗinmu, wato shugaban aikin, ya ce ruwa ne mai jin yunwa, duk dattin da ya taɓa sai ya ɗauke.

Da farko ka goge ƙarfen da ya kewaye taga, sannan gilashin. Wannan ko jaki ya iya. Ɗaurayar ita ce aikin. Za ka ɗaga buroshi kaɗan ya rabu da gilashi, ka fara daga can sama, ka kai hagu ka kai dama kana saukowa a hankali, ruwa mai tsabta yana koro mai datti har ƙasa. Daga nan sai ka bar ta jiƙe ka wuce. Ba tsumma, ba gogewa. Da Gwaggo za ta gani sai ta ce ragwanci ne anka mayar sana'a. In ɗaurayar ta yi, taga ta bushe tas. Kuma gilashi ba iri ɗaya ba ne. A wani, ruwa na shimfiɗuwa kamar zane. A wani yana tsinkewa ɗigo-ɗigo kamar a bayan agwagwa, shi wanga sai ka matso da buroshi kusa, ka rage sauri. Duk da ido ake ganewa. In ka ɗauke ido ka ɓata.

To nan ne damuwata, ke kaɗai zan faɗa wa. Tagar ofis ba ta ba ni wahala. Amma yawancin aikinmu gidajen manya ne da na baƙi, tagogi manya har ƙasa. Ina cikin ɗauraya sai in ga matar gida a ciki, kai ba ɗankwali, wata ma da kayan barci. Rannan wata ta zo har jikin gilashi da kofi a hannu tana kallona. Mardiyya, ni da ko zauren mutum ban taɓa wucewa ba sai an ce in shigo. Sai in ji kaina ya sunkuya da kansa, sanda na ta yawo a sama ba mai ganin ta, in yi sauri in bar wurin. In rana ta busar, taga ta fito ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Masu gida sun fara kiran shef. Ga shi har yanzu gwaji ake yi mini, ba a ɗauke ni ba tukuna.

Batun Jado surutun Isma'ila ne. Muddin ina da wanga aiki ba inda za ni.

Yayanki,
Rabi'u


Madarumfa, watan Janairu

Yaya Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya sanyi? Nan da safe har hayaƙi ke tashi a kan tafki. Lafiya muke. Gwaggo ta tafi biki Katsina, an bar ni da gida da awaki.

Na yi ta karanta takardarka har ta fara yagewa a wurin ninki. Na yi dariyar agwagwa ni kaɗai, har akuya ta ɗago kai.

Yaya, ni a ganina ka yi daidai. Abin da aka koya mana ke nan a gida da makarantar allo, kuma na ji daɗi birni bai canza ka ba. Ka ci gaba da sunkuyar da kanka. Abin da ya rage shi ne ka koyi ɗaurayar ba tare da kallo ba, na kuma yi tunani a kai sosai.

Ran Asabar mu ke da shara a aji. Da sauran suka tafi, na ɗauki buta na tsaya gaban tagar ofishin malamai, ita kaɗai ce mai gilashi a lakwal ɗinmu. Na rufe ido na zuba daga sama, hagu da dama, kamar yadda ka faɗa. Na gane sauri ne ke ɓata abin. Ka tuna yadda nake cika tulu a rijiya, ba na leƙawa, da kunne nake jin ya kusa cika? Kai ma ka saurari ruwan. Kuma a kowane layi ka yi salati ɗaya cikakke kafin ka sauko, don kada kunya ta sa ka gaggawa. Ga lada, ga aiki. Tagar da na yi ta bushe da farin tabo, amma ina jin ruwan rijiyarmu ne, ba irin naku mai yunwa ba.

Madam mai koya mana Faransanci ta mayar mini da rubutuna, ta ce ya fi na kowa, amma ta ce in ba ta matso da kunnenta bakina ba ba ta jin amsata. Aji duka suka yi dariya. Ban ji haushi ba, gaskiya ta faɗa.

Ka gwada ka faɗa mini.

Ƙanwarka,
Mardiyya


Yamai, watan Fabrairu

Mardiyya,

Salam. Lafiya lau.

Na gwada. Taga ba tulu ba ce. Na yi salatin, na saurari ruwa, ruwa ya ce shaaa kamar kullum. Gida guda na ɓata tun daga sama har ƙasa. Shef ya mayar da mu gidan, ya tara yaran aiki duka, yana bin tabon da yatsa yana tambayata ko makaho anka kawo masa. Ya ce in anka sake kiransa a kaina shi ke nan. Yanzu wasu ranakun ma tiyo nike ja wa wasu.

Isma'ila zai tashi ranar ƙaramar Salla. Ya ce in zo mu tafi, rami ba ya da taga. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba.

Ki yi karatunki, ki bar batun taga.

Rabi'u


Madarumfa, cikin azumi

Yaya Rabi'u,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai zafi.

Ban taɓa ganin takardarka gajera haka ba. Ko Gwaggo ba ka ce a gaisar ba, kuma ba ka rubuta "yayanki" a ƙasa ba. Na san ni na jawo. Ka zo mini da damuwarka, ni da ban taɓa riƙe sandar ba na tsaya ina yi maka darasi da buta. Ka yafe mini. In ka ce kada in sake ambaton taga, ba zan sake ba.

Amma batun Jado ba zan bari ba. Baba ma cewa ya yi damina ɗaya zai yi. Da farko yana kira, daga baya sai saƙo a bakin mutane, daga baya mutanen ma suka daina tsayawa ƙofarmu don ba su da abin faɗa. A Yamai, ko ba na ganinka, na san motar da ke zuwa wurinka, na san direbanta, na san yayarsa. In ka tafi can, wa zan ba takarda?

In an sha ruwa gidan nan yakan cika, ƴaƴan Gwaggo da jikokinta kowa da kwanonsa. Suna yi mini kirki, ba abin da na rasa. Sai dai in an fara hira, duk labarin mutanen da ban sani ba ne. Nakan kwashe kwanoni in tafi wanki don a ga ina da abin yi.

Ko fushi kake, ka rubuto fushin.

Ƙanwarka,
Mardiyya


Madarumfa, watan Afrilu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban san ko wannan za ta same ka ba. Salla ta wuce, ba amsa. An ce ka kira ranar Salla ina rijiya. Mijin Gwaggo ya ce bai ji ka sosai ba, hayaniya ta yi yawa, kamar a tasha kake. Na so in tambaye shi wace tasha, na kasa. Na ce wa yayar Sule in bai same ka ba ya dawo mini da takardar, kada ya bar ta wurin kowa.

Na yi alkawarin barin batun taga, ga shi zan karya. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yaga.

Maƙwabtanmu na gyaran soro kafin ruwa ya sauka. Jiya da hantsi Malam Hassan magini ya zo da tsaninsa. Muna tsakar gida, ana yi wa Gwaggo kitso, ni ina tankaɗe. Kafin ya ɗora ƙafa a tsani sai muka ji muryarsa ta bayan katanga:

"Gafara dai masu gida, za a hau sama!"

Ya tsaya yana jira. Mai kitso ta jawo mayafi, aka kama Gwaggo aka shiga ɗaki tana faɗan an katse mata rabin kai, matan ɗaya gidan ma na ji suna kwashe yara daga wanka. Can wata ta amsa masa, "A hau, Malam." Sannan ya hau.

Tun ina yarinya nake jin wannan kira, ban taɓa kula ba sai jiya. Yaya, mutumin nan ya wuni a kan soro, gidaje duk a buɗe a ƙarƙashinsa, bai sunkuyar da kai ba ko sau ɗaya. Yana kallon yaɓensa, har waƙa yake yi. Ya riga ya faɗa, kowa ya kimtsa, sauran kuma ba nauyinsa ba ne. Kai kuwa kana isa gidan mutane ba sanarwa, dole kunyar duka ta taru a kanka.

Me zai hana ka yi irin nasa? Na san mutanen can ba duka ke jin Hausa ba. Yau da aka tashi na tsaya na jira Madam. Sai da ta kai bakin ƙofa na iya kiran ta, da ƙarfi kuwa, har ta waiwayo tana neman wanda ya yi magana. Na faɗa mata komai. Ba ta yi dariya ba. Ta gyara mini jimlar, ta ce in sa roƙo a farko da godiya a ƙarshe. Ma'anarta ita ce: ku yi haƙuri, za mu wanke tagogi yanzu, ko za ku saki labule? Ga ta nan a ƴar takarda dabam, da Faransanci a sama, a ƙasa kuma na rubuta maka yadda za ka furta da baƙaƙen Hausa.

Wataƙila wannan ma shawarar buta ce. In kuma ka riga ka tafi, to Allah ya tsare.

Mardiyya


Yamai, watan Yuni

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina nan Yamai, lafiyata lau. Ki gaida Gwaggo, ki ce ina ba ta haƙurin gaisuwar da na ci mata, da na rabin kitso.

Ba fushi na yi da ke ba. Kunya ce. Na rasa abin da zan rubuta wanda ba zai sa ki kuka ba. Ranar Salla a tasha nike, gaskiyar mijin Gwaggo ne. Isma'ila na raka. Munka yi da shi in an sallame ni in biyo shi, har ya bar mini sunan direban da zan nema a Agadas. Ana cikin haka takardarki ta zo.

Ranar farko abin bai yi kyau ba. Na haddace jimlar a mota. Da munka isa wani gida na tsaya tsakiyar fili na sake ta da irin muryar da nike kiran ki daga gona. Kare ya kama haushi, mai gadi ya zubar da shayinsa, matar gida ta fito da gudu tana zaton gobara ce. Jimla ta gudu daga kaina. Sai na miƙa mata ƴar takardarki. Ta karanta, ta dube ni, ta sake karantawa, ta tambayi wa ya rubuta. Na ce ƙanwata. Ta koma ciki, sai ga labule na sauka ɗaya bayan ɗaya.

Mardiyya, ranar na fara ganin aikina. In akwai labule a baya, ruwa na fitowa sarai a kan gilashi, kana ganin inda ya shimfiɗu da inda ya tsinke, kana ganin dattin da ke gangarowa daga ƙarfen sama in ka koma masa. Na bi shi da ido tun daga sama har ƙasa, wuyana a miƙe har ya yi ciwo.

Shef ya yi faɗa a mota. Ya ce ana biyan mu ne don kada a san mun zo, ni kuma na tashi unguwa. Yara sunka sa mini suna Ladan. Amma ba wanda ya kira a kaina, wata ma cewa ta yi a riƙa turo mata mai sallamar nan. Da shef ya ga haka sai ya mayar da abin nasa. Yanzu tun ana gobe za mu je yake aika wa masu gida saƙo a waya, kafin mu isa an saki labule ko'ina. Ko kiran ma ba na yi.

An ɗauke ni. An ba ni riga mai sunana a ƙirji. Na yaga sunan direban Agadas.

Sai dai abu biyu. Na farko, damina ita ce lokacin aikinmu, kowane ruwa da iskarsa, kowace iska da tagogin da take ɓatawa. Sabon ɗauka ba ya samun hutu, don haka ba zan zo jin sakamakonki ba, har kaka ma ban sani ba. Na biyun ba wani abu ba ne, faɗa miki kawai nike. A wani gida akwai tsohuwa a keken marasa lafiya, kullum tana bakin taga a bene na farko. Da can ko na sunkuya nakan ga hannunta tana ɗago mini. Yanzu ita ma an sakar mata labule. Tun safe har la'asar ina wanke gilashi tas, ba kowa a ciki sai hoton wani mai doguwar sanda yana kallona. In na koma ɗaki, tabarmar Isma'ila na naɗe a lungu.

Allah ya ba ki sa'a. Ki buɗe baki in an tambaye ki.

Yayanki,
Ladan


Madarumfa, watan Yuli

Yaya Rabi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina taya ka murnar riga. Lafiya muke. Ruwa ya sauka sosai, tafki ya cinye lambunan bakinsa, gero ya kai gwiwa.

Na ci jarrabawa.

A filin lakwal aka tara mu, wani malami ya hau tebur da lasifika yana kiran sunaye. Kowa ya zo da mutanensa. Duk sunan da aka kira sai guɗa ta tashi daga wani gefe, a rungume mai shi, wasu har a ɗaga su sama. Gwaggo ta so zuwa, ƙafa ta hana. Da aka kira nawa wurin ya yi tsit, mutane na waige-waige. Na ce "Ga ni," yadda ka ce in yi. Sai wata mata da ke kusa da ni, ban san ta ba, ɗanta ma ba a kai ga kiransa ba, ta dube ni ta ga ba kowa a bayana, ta dafa kafaɗata ta rangaɗa mini guɗa. Na ce na gode. Na nemi ta daga baya ban gan ta ba.

Na biyo ta gaban gidan su Isma'ila. Uwarsa na zaune a zaure da waya a cinya. Ta ce sau ɗaya ya kira tun tafiyarsa, ta tambaye ni ko kai ka ji daga gare shi. In ka ji wani abu ka rubuto in kai mata.

Da na karanta cewa ba za ka zo ba na shiga ɗaki na ɗan jima. Amma ni na roƙi ka zauna, ka kuma zauna, ba zan yi ƙorafi ba. Tsohuwar nan kuwa, ka tambayi mai gadi sunanta, ka aika mata da gaisuwa. Ba a hana wannan ba.

Hutun nan a gonar mijin Gwaggo zan yi shi, takarduna za su yi ƙaranci. Naka kada su yi. Ko layi biyu ne ka ba Sule. Ka riƙa rubuta Yamai a sama da manyan baƙaƙe, shi nake fara dubawa.

Ƙanwarka,
Mardiyya